Tsarin Tsaron Ƙasa: Yadda Ake Shimfiɗa Shi da Yadda Yake Isowa Unguwa

Bismillahir Rahmanir Rahim.



Gabatarwa

Ina godiya ga kwamitin shirya laccoci saboda damar da ya ba ni ta tsayawa a gabanku. An nemi in yi bayani a kan yadda gwamnati take shimfiɗa tsarinta na tsaron ƙasa. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan batu na manyan hafsoshi ne da 'yan sandan ciki, ba na malamin makaranta ko mai sayar da waya a kasuwa ba. To amma zauren da muke zaune a cikinsa yana kan titin Zariya ne, tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, kuma mutanen waɗannan unguwanni sun ga abin da raunin tsari yake jawowa da idanunsu a shekarun 2012 da 2013 da 2015. Saboda haka babu wanda ya fi su haƙƙin tambayar yadda ake rubuta wannan tsari, da abin da yake cikinsa, da abin da aka bari a waje.

Abin da nake so in tabbatar a yau guda ɗaya ne. Tsarin tsaro, komai kyawun rubutunsa, ba ya cika sai labarin da yake hannun mutumin unguwa ya sami amintacciyar hanyar isa ga mai ikon yanke shawara, sa'an nan kuma an san wanda za a tuhuma idan labarin ya isa ba a yi komai ba. Zan fara da ma'anar tsarin, in waiwayi yadda magabatanmu suka yi nasu, in bi sawun yadda ikon tsaro ya tashi daga Kano ya koma hedkwatar ƙasa, kana in duba kundayen da Nijeriya ta rubuta, in kuma auna su da abin da ya faru a nan gida.

Mene ne tsarin tsaron ƙasa?

Kowace gwamnati, ko ta rubuta ko ba ta rubuta ba, tilas ne ta amsa tambayoyi huɗu. Ta farko, me muke so mu tsare? Ta biyu, mene ne yake yi masa barazana, kuma wace barazana ce ta fi kusa? Ta uku, da me za mu tsare shi, watau mutane nawa, kuɗi nawa, kayan aiki nawa? Ta huɗu, wane ne zai yi wane aiki, kuma wa zai ba da bahasi? Amsoshin waɗannan tambayoyi, idan aka jera su yadda kowace za ta dace da 'yar'uwarta, su ne tsarin tsaron ƙasa.

Abin da ya sa aikin yake da wuya shi ne, buƙata kullum ta fi ƙarfin aljihu. Babu ƙasar da take da isassun sojoji da za ta ajiye a kowace kasuwa da kowane masallaci da kowace mashigar iyaka. Ke nan dole a zaɓa, a ce wannan ne gaba, wancan ya jira. Hausawa sun ce ba a haɗa gudu da susar gindi. Takardar da ta lissafa barazana ashirin, ta ce dukkansu na farko ne, ba ta zaɓi komai ba, kuma kwamandan da aka miƙa wa ita bai ƙaru da komai ba.

Rubuta wannan tsari a kundi guda, a kuma buga shi don jama'a su karanta, sabuwar al'ada ce a duniya. A Amurka, wata doka ta shekarar 1986 ce ta wajabta wa shugaban ƙasa ya riƙa miƙa wa majalisa irin wannan bayani, kuma Shugaba Ronald Reagan ne ya fitar da na farko a 1987. Birtaniya ba ta buga nata ba sai a 2008, Japan a 2013, Jamus kuwa sai a 2023. Dalilin bugawa shi ne a ɗaure gwamnati da maganarta. Majalisa za ta iya ɗaukar kundin a hannun dama, kasafin kuɗi a hannun hagu, ta duba ko sun san juna.

Ma'anar tsaro kanta ta faɗaɗa. A da, in an ce tsaron ƙasa, iyakoki ake nufi da kujerar mai mulki. A shekarar 1994 Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ya yayata ra'ayin cewa mutum shi ne abin tsarewa, da abincinsa, da lafiyarsa, da sana'arsa. Mu a nan wannan ba baƙon zance ba ne, domin malamanmu sun daɗe suna tunatar da mu cewa a Suratu Ƙuraishin an ambaci abinci da aminci a wuri guda.

Tsarin magabata

Kano ta yi tsarin tsaro ƙarnoni da yawa kafin a san kalmar, kuma har yau ragowarsa yana tsaye, wato ganuwa. Tarihin Kano ya nuna an fara gina ta a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, sa'an nan Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Duk wanda ya dubi girman filin da ta kewaye zai lura cewa ba gidaje kaɗai aka sa a ciki ba. An bar gonaki da kududdufai da makiyaya, ga Dala da Gwauron Dutse inda ake hango mai zuwa daga nesa. Waɗanda suka zana ta sun san cewa garin da aka yi wa ƙawanya, yunwa ce take cin sa kafin mashi ya iso.

Ganuwa kuwa rabin tsarin ce. Ɗaya rabin mutane ne. Kowace ƙofa tana da sarkin ƙofa, ana rufe ta da dare. Baƙon fatake yana da fatoma wanda yake sauke shi, yake kuma amsa tambaya a kansa. Wanda ya shigo unguwa don zama, mai unguwa zai san da shi, ya sanar da na gaba da shi, har maganar ta kai fada. Babu waya, babu mota, amma labari yana da hanya, kuma kowane mataki na hanyar yana da mai suna. A zamanin Rumfa ɗin ne Shehu Magili ya rubuta masa littafin nasiha a kan wajiban sarakuna, wanda a cikinsa ya yi magana a kan tsara hukuma da zama cikin shiri. Bayan jihadi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ƙara wata dabara, ta kafa ribaɗi a bakin iyaka, garuruwa masu ganuwa inda mayaƙa suke noma suna gadi, shi kansa ma a ribaɗin Wurno ya rasu a 1837. Sarakunan Kano sun bi wannan hanya don tare hare-haren Ningi da Damagaram.

Sai dai tsarin nan yana da nasa darasin mai ɗaci. An gina shi don mahaya dawaki da 'yan baka. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta iso da igwa da bindigogi masu sarrafa kansu, birnin ya faɗi a yini guda, Sarki Alu yana kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato. Tsarin da ba a sake dubawa ba, ganuwa ce da aka gina don yaƙin jiya.

Daga En'e zuwa hedkwatar ƙasa

Turawa ba su rushe hanyar labari ba, sun hau kanta ne. A zamanin En'e akwai dogarai, daga baya aka kafa 'yan doka, ga alkalai da gidan yari, duk a hannun sarki da majalisarsa. Wajibi ne a faɗi gaskiya, an yi amfani da 'yan doka wajen danne 'yan adawa, kuma 'yan NEPU na shekarun 1950 da 1960 sun ɗanɗana kuɗarsu. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta Janar Yakubu Gowon ta haɗe 'yan sandan En'e da na Tarayya a ƙarshen shekarun 1960. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa cire ikon zartarwa daga hannun sarakuna. An kawar da wani zalunci, amma an raba abubuwa biyu da a da suke tare. Sanin unguwa ya tsaya a hannun mai unguwa, ikon kamawa ya koma hannun jami'in da watakila aka turo shi daga wata jiha, bai san lungu ba, wani lokaci ma bai ji harshen ba.

A saman kuma, hukumomin leƙen asirinmu sun samo asali ne daga tsoron juyin mulki. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad, ɗan wannan gari, ranar 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa hukumar NSO a wannan shekara. A 1986 Janar Babangida ya rushe ta, ya raba aikinta uku: SSS don cikin gida, NIA don ƙasashen waje, DIA don harkar soja. Daga wannan gyara ne ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro ya tsiro, domin a sami mai haɗa kawunansu.

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya gaji wannan gini. Sashe na 14 ya ɗora tsaron jama'a da walwalarsu a matsayin babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 214 ya tanadi rundunar 'yan sanda guda ɗaya tak ga ƙasar baki ɗaya. Sashe na 215 ya ba gwamna damar ba Kwamishinan 'Yan Sanda umarni, amma ya bar wa Kwamishina damar neman a kai maganar gaban Shugaban Ƙasa kafin ya aiwatar. Majalisar Tsaro ta Ƙasa kuwa, wadda Shugaban Ƙasa yake jagoranta, ta ƙunshi Mataimakinsa, da Babban Hafsan Tsaro, da ministocin tsaro da cikin gida da harkokin waje, da Mai Ba da Shawara kan Tsaro, da Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Babu gwamnan da tsarin mulki ya ba kujera a cikinta don kawai shi gwamna ne. Ana yi wa gwamna kirari da babban jami'in tsaron jiharsa, alhali kuwa ba shi da ɗan sanda ko ɗaya na kansa.

Darussa biyu daga Kano

Darasi na farko shi ne na 'Yan Awaki. Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, ba ɓoyayyen mutum ba ne. An taɓa korar sa daga Kano a 1962, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, ya dawo. Maƙwabtansa sun san yana ƙwace gidaje da hanyoyi, sun san yana tara almajirai, sun yi ƙorafi. A ƙarshen Nuwamban 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya rubuta masa takardar wa'adi. Ranar 18 ga Disamba rikici ya ɓarke a filin Shahuci, 'yan sanda suka kasa, sai da Shugaba Shehu Shagari ya turo sojoji. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Anthony Aniagolu ya ba da adadin mutum 4,177 da suka mutu. Labari bai yi ƙaranci ba a 1980. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai ce wannan aikina ne. Gwamna ɗan PRP ne, Gwamnatin Tarayya mai riƙe da 'yan sanda ta NPN ce, kowane ɓangare yana zargin ɗaya. Kuma da yake ba a bi sawun mabiyan da suka tarwatse ba, wutar ta sake tashi a Bulunkutu ta Maiduguri da Kaduna a 1982, a Jimeta a 1984, a Gwambe a 1985.

Darasi na biyu a ƙofar gidanmu ya faru. Ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012, da yamma, 'yan Boko Haram suka kai hari lokaci guda a kan hedkwatar 'yan sanda ta shiyya ta ɗaya, da hedkwatar jiha a Bompai, da ofishin SSS, da ofishin fasfo da caji ofis na Farm Centre a nan Tarauni. 'Yan sanda sun ce mutum 185 ne suka rasu, mafi yawansu farar hula, a cikinsu har da ɗan jarida Enenche Akogwu na gidan talbijin na Channels. Bayan kwanaki kaɗan aka sauke Sufeto Janar Hafiz Ringim. Shekara guda bayan haka, ranar 19 ga Janairu 2013, aka buɗe wa ayarin Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero wuta kusa da Masallacin Murtala a Hausawa, direbansa da dogarai suka rasa rayukansu. Ranar 28 ga Nuwamba 2014 aka kai hari Babban Masallacin Juma'a na cikin birni, fiye da mutum 100 suka rasu. Ranar 18 ga Nuwamba 2015 'yan mata biyu suka tayar da bam a kasuwar waya ta Farm Centre.

Mu yi tunani a kan harin 2012. Aiki irin wannan yana buƙatar gidajen haya, da motoci, da wurin haɗa abubuwan fashewa, da mutanen da za su yi ta shiga da fita na tsawon makonni. Ba ya yiwuwa a ce babu idon da ya ga wani abu. To me ya sa baki ya yi shiru? Domin mutane sun ji yadda ake bin masu unguwanni da malamai ana kashewa a Maiduguri saboda zargin ba da labari, kuma ba su da tabbacin cewa sunan mai tsegumi ba zai fita daga ofis ya koma kunnen wanda aka tsegunta ba. Wasu kuma suna tsoron kada a je kamen mutum ɗaya a kwashe samarin layi baki ɗaya. A 1980 labari ya isa, ba a yi aiki da shi ba. A 2012 tsoro ya toshe hanyar labarin tun daga tushe.

Akwai kuma abin lura game da matakin gaggawa. Bayan harin da aka kai wa Sarki, gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni, domin a kan babura maharan suke zuwa. Matakin ya rage wa mahara hanya, amma ya kuma tsayar da abincin dubban matasa a rana guda, sai daga baya adaidaita sahu ta ɗauke wani kaso daga cikinsu. Kowane matakin tsaro yana da farashi, kuma aikin mai tsari ne ya lissafa wanda zai biya kafin a sa hannu.

Yadda Nijeriya ta rubuta kundinta

Duk waɗannan abubuwa na 1980 da 2012 sun faru ne ƙasar ba ta da kundi guda da aka buga mai suna tsarin tsaron ƙasa. Akwai dokoki, kamar dokar yaƙi da ta'addanci ta 2011 wadda aka gyara a 2013, akwai kuma dokar ta-ɓaci da aka sa a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayu 2013. Amma kundi na farko sai a 2014 aka kammala shi, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, ofishin Kanar Sambo Dasuki ne ya shirya shi, tare da wani kundi na musamman a kan yaƙi da ta'addanci. Na biyu Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi a watan Disamba 2019, lokacin da Manjo Janar Babagana Monguno yake riƙe da ofishin.

Hanyar shiryawa takan bi matakai sanannu. Ofishin Mai Ba da Shawara yakan tara wakilan rundunonin soja, da 'yan sanda, da hukumomin leƙen asiri, da ma'aikatu, da masana daga jami'o'i da cibiyoyin nazari. A fara da fayyace abin da ƙasa take ɗauka da daraja da kuma muradunta, a kasa muradun hawa-hawa, daga waɗanda rayuwar ƙasa ta rataya a kansu zuwa waɗanda za a iya sassautawa. Sai a dubi halin da maƙwabta da duniya suke ciki. Sai a lissafa barazana. Sai a faɗi abin da za a yi a kan kowace. A ƙarshe Shugaban Ƙasa ya sa hannu, daga nan kowace ma'aikata ta ciro nata shirin daga cikinsa.

Kundin 2019 yana da abin yabo. Ya fito fili ya ce tsaron ɗan ƙasa ne ginshiƙi, kuma bai tsaya a kan ta'addanci kaɗai ba. Ya ambaci 'yan bindigar daji da satar mutane, da rikicin manoma da makiyaya, da fashin teku, da iyakoki marasa tsaro, da laifuffukan intanet, da labaran ƙarya, da annoba, da sauyin yanayi, da talauci da rashin aikin yi. Mutumin Unguwa Uku da ya ga yadda zaman banza yake mayar da yaro ɗan daba zai yarda da wannan lissafi.

Inda gizo yake saƙa

Duk da haka akwai giɓi huɗu da ya kamata mu duba da idon basira.

Na farko, lissafin ya yi tsawo, fifikon bai fito sosai ba. Mai karatu zai san abubuwan da suke damun ƙasa, amma zai sha wuya kafin ya gane wanne za a fara kashe wa kuɗi idan kuɗin ba su isa duka ba.

Na biyu, kuɗi. Kasafin tsaro yana cikin mafi girma a kasafin Tarayya, amma wani kaso nasa ba ya bin hanyar bincike da aka saba. A 2018 ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta cewa kuɗin tsaro na musamman da ake ba shugabanni ba tare da cikakken bahasi ba sun kai kimanin dala miliyan 670 a shekara. Shari'ar kuɗin makamai da aka fara a 2015 ta nuna wa kowa abin da duhu yake iya ɓoyewa. Sirri ya halatta a kan inda za a kai farmaki gobe. Bai halatta a kan ko an sayi motar da aka ce an saya ba.

Na uku, maƙwabta. Kano garin kasuwanci ne, hanyoyinta sun miƙe zuwa Maraɗi da Damagaram da Agadas. Rufe iyakoki daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya taɓa Dawanau da Kantin Kwari, haka kuma takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023. A Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS. Kundin da aka rubuta a 2019 bai san da wannan ba. Ga darasin 1903 ya sake dawowa, wajibi ne a riƙa sabunta tsari.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne, shi ne matakin ƙasa. Ƙaramar Hukumar Tarauni tana da mazaɓu goma, daga Gyaɗi-Gyaɗi Arewa da Kudu, zuwa Darmanawa, Daurawa, Babban Giji, Hotoro, Ƙauyen Alu, Unguwar Gano, Unguwa Uku da Tarauni kanta, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta sama da mutum 220,000. A cikinta akwai asibitin koyarwa, da Babbar Kotun Tarayya, da tashar mota ta Unguwa Uku wadda baƙi suke sauka dare da rana, da kasuwar waya. A ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, wadda adadin 'yan sandanta da aka fi ambata a 'yan shekarun nan bai kai 400,000 ba, babu yadda za a yi jami'i ya san abin da yake faruwa a kowane lungu na irin wannan wuri. Waɗanda suka sani su ne mai unguwa, da liman, da dillalin gidaje, da shugaban 'yan kasuwa, da ɗan kamasho, da 'yan sintiri, da uwar da ta ga ɗanta ya canza abokai. Kundin an rubuta shi da Turanci, yawancin waɗannan mutane ba su taɓa jin labarinsa ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin haɗin gwiwa da jama'a, wannan mataki ne mai kyau, amma kwamiti ba ya aiki sai an yarda da shi.

Jihohi sun fara cike giɓin da kansu. Kano ta kafa Hukumar Hisba da doka a 2003. Jihohin Yarbawa sun kafa Amotekun a 2020, Katsina ta ƙaddamar da rundunar sa-kai ta jiha a 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a 2024. Wannan ya nuna buƙatar gaskiya ce. Amma wanda ya san tarihin 'yan doka ba zai yi gaggawar tafa hannu ba. Makami a hannun jiha, in babu dokar da ta hana shi shiga siyasa da kotun da za ta hukunta mai zalunci, maganin da zai iya zama cuta ne.

Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, ina ba da shawara kamar haka.

Ɗaya, a yi doka da za ta wajabta wa kowane Shugaban Ƙasa fitar da tsarin tsaro a farkon wa'adinsa, ya miƙa wa Majalisar Dokoki, kuma kowace shekara a auna kasafin tsaro da shi.

Biyu, kundin ya jera barazana bisa fifiko, ya kuma ambaci hukumar da take da alhakin kowace, da ma'aunin da za a gane ko ta yi aiki.

Uku, a fassara shi zuwa Hausa da sauran manyan harsuna, a karanta shi a rediyo, kowace jiha kuma ta ciro nata tsarin daga cikinsa, kowace ƙaramar hukuma ta ciro nata daga na jiha.

Huɗu, a ba masu unguwanni da dagatai matsayi bayyananne a doka wajen rajistar masu haya da baƙi, da alawus da zai hana su dogara ga dillalai, da iyakar da za ta hana su cin zarafin baƙo don kawai baƙo ne.

Biyar, a kare mai ba da labari. A rubuta kowane rahoto da lamba, ba da suna ba, a kuma hukunta jami'in da ya fallasa shi ko ya danne shi.

Shida, Jami'a ta ɗauki nata kason. Sassan tarihi, da nazarin zamantakewa, da shari'a, da aikin jarida, su tattara bayanin rikice-rikicen Kano daga 1953 zuwa yau, domin mai tsara tsaron gobe ya sami abin dogaro wanda ya wuce jita-jita.

Kammalawa

Shugaban taro, jama'a, magabatanmu sun haɗa ganuwa da sarkin ƙofa, domin sun san gini ba ya gadin kansa. Gwamnatin zamani tana da jiragen yaƙi da na'urorin sauraro, kuma tana buƙatarsu. Amma rayuka 4,177 na 1980 da rayuka 185 na 2012 sun ishe mu shaida cewa abin da yake yanke hukunci shi ne ko talaka zai iya faɗin abin da ya gani ba tare da tsoro ba, da kuma ko akwai wanda zai amsa tambaya idan an faɗa an yi biris. Ina roƙon ɗalibanmu su nemi waɗannan kundaye su karanta, su tambayi wakilansu a majalisa abin da aka yi da su. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a waɗannan fitinu, Ya ba shugabanninmu basira da adalci, Ya zaunar da Kano da Nijeriya lafiya.